Ƙafar Hansai Mai Daddawa

A Tudun Kanya, wani ɗan ƙauye da ke tsakanin Danja da Maska, an yi wata mace da ake kira Hansai mai daddawa. A zamaninta wuri ne kuɗi, Funtuwa ma ba ta zama babban gari ba tukuna. Doguwa ce, baƙa, mai wushirya, mai ƙarfin murya. In tana dariya a rafi, ana jin ta daga ƙofar gari. Mijinta Shitu masaƙi ne, mutum mai shiru. Da damina ya yi noma, da rani ya zauna a rumfar ƙofar gida yana saƙa fari, wato farin ƙyallen auduga.

Wajen uwarta ta gaji sana'ar, kuma daddawarta ta yi suna har kasuwar Bakori. Sai dai aikin daddawa aikin tsaye ne. Kalwa, wato 'ya'yan ɗorawa, sai ta yini ta kwana a wuta kafin ta yi laushi, mai ita na tsaye tana ƙara ruwa tana iza itace. In an sauke a surfa ta a turmi da toka, a ɗauka zuwa rafi, a tsaya cikin ruwa ana wanke ɓawon. A dawo a sake dafawa, a zuba a kwando a rufe da ganye kwana uku, sannan a kirɓa, a mulmula, a shanya. Ranar kasuwa ma Hansai ba ta zama. Takan tsaya bayan faifanta tun hantsi har la'asar, wai mai saye ba ya ganin wanda ya zauna.

Haihuwa tara ta yi, biyu suka rayu: Sada, wanda ya bi fatake zuwa Gwanja tun yana saurayi, da autarta Shafa'atu. Tun a ciki na shida jijiyoyin ƙafarta ta hagu suka fito, suka murɗe a bayan ƙwauri kamar an kwantar da igiya a ƙarƙashin fata. Bayan ta haihu ba su koma ba. Daga nan sai nauyi. In yamma ta yi, ƙafar ta kumbura har idon sawu ya ɓace, ta riƙa jan ta kamar an ɗaura mata dutse.

Wata rana Shitu ya shigo cin tuwo ya tarar tana sosa ƙafar da ɓawon kalwa. Ya tsaya ya duba. Fatar da ke sama da idon sawu ta ciki ta yi duhu fiye da sauran jikinta, ta bushe, ta yi tauri tana sheƙi.

Ya ce, "Wannan ƙafa taki fa, Hansai, kin kuwa dube ta?"

Ta ce, "Gajiya ce, Malam. In na kwanta, kafin safiya ta sace."

Gaskiya ta faɗa, kullum da safe kumburin ya sace. Abin da ya ruɗe ta ke nan. Ciwon da ke tafiya da kansa kowace safiya, wa zai kai shi wurin mai magani? Shekara huɗu ana haka, ƙaiƙayi yana ƙaruwa, duhun fatar yana hawa sama.

Wata kaka, bayan an girbe dawa, ta ratsa gona da tulu a ka, tushiyar kara ta karce ta daidai wurin nan mai duhu. Ciwon bai kai ƙwayar wake ba. Ta ɗebi toka ta barbaɗa, ta ci gaba da aikinta. Mako ya wuce bai kame ba. Wata ya wuce ya kai girman wuri. Ba shi da zurfi, bakinsa ba daidai ba, amma yini yake yana tsatsar ruwa rawaya-rawaya. Kafin sanyi ya fita ya kai bakin ludayi. Mata suka daina cewa miki, suka koma cewa gyambo.

Shitu ya kira Buba wanzami, mutumin kirki wanda shi ya yi wa 'ya'yansu duka askin suna. Buba ya duba jijiyoyin da suka kumbura ya ce mugun jini ne ya taru, sai an fitar. Ya yi tsaga kewaye da ciwon, ya kafa ƙaho, baƙin jini ya fita da yawa. Kowa ya ce madalla. Amma tsagar ba ta warke ba. Kowace ɗaya ta zama ɗan ciwo, suka yi ta buɗewa har suka haɗe da babban. Da Buba ya dawo ya gani, ya tsuguna ya duba ƙafar da kyau. Daga baya ya ce da Shitu, "Ka yafe mini. Wannan ya fi ƙarfin askata, ba zan ƙara taɓa ta ba."

Tsofaffin gari suka ce wani abu ta taka, ko kuwa wata mai sana'a irin tata ta yi mata jifa. Aka yi rubutu ta sha, aka yi turare, aka daka saiwoyi iri-iri aka cusa a ciwon. Wani garin magani ma da aka kawo daga Ɗandume, da aka zuba sai da ta ciji zanenta don zafi. Duk wannan tana tsaye a kan tukwanenta, da tsumma ɗaure a ƙafa.

A kasuwar Danja abin ya fara taɓa sana'arta. Wata mata da ta shekara goma tana sayen daddawarta ta zo, ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta sunsuna, sai idonta ya sauka kan tsumman, inda ƙudaje suka taru.

Ta ce, "Hansai, wai da ƙafa kike tattaka kalwarki a rafi?"

"Da hannu nake wankewa. Kowa a Tudun Kanya ya sani."

"Haka ne. Na dai ji ana faɗi." Ta ajiye daddawar a hankali, ta goge yatsunta a zane, ta wuce layin gaba.

Daddawa dama abu ce mai wari, to yanzu duk wanda ya sunsuna sai ya ga kamar warin ciwon yake ji. Kasuwa uku a jere Hansai ta dawo da faifanta kamar yadda ta kai shi. A ta ukun ba ta shiga gida da shi ba, ta juye a bayan danga, kaji suka taru. Ta kashe wutar murhu, ta kife tukwane. Tun daga ranar aka daina jin dariyarta a rafi, don ta daina zuwa.

Akwai wata tsohuwar Bafillatana, Adama, da rugarsu ke bayan fadama. Takan ba Hansai man shanu ta karɓi daddawa. Da ta ga kwana da kwanaki ba ta gamu da ita a hanyar kasuwa ba, sai ta biyo gida da ƙwaryarta a ka. Ta tarar da Hansai zaune a kan kujera, ƙafa a ƙasa, tana korar ƙuda da mafici.

Adama ta ce, "Kwance in gani."

"Goggo, ba kyan gani."

"Na ga wanda ya fi shi. Kwance."

Ta duba ciwon, amma ba ta daɗe a kansa ba. Tafin ƙafar ta kama ta ji da ɗumi, ta matsa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ta danna ƙwaurin da babban yatsa, wurin ya lotsa bai taso da wuri ba. Sannan ta ɗaga ƙafar ta ɗora a kan cinyarta, ta riƙe ta suna ta hira a kan tsadar gero. Can ta ce, "Yaya zafin yanzu?"

Hansai ta saurari jikinta. Ta ce, "Ya ragu."

"To, irin nawa ne." Adama ta ɗage zanenta. Ƙafafunta duka biyu naɗe suke da ƙyalle tun daga gindin yatsu har ƙasan gwiwa. Ta warware ɗaya, ga tabo fari-fari mai faɗin tafin hannu. "Ƙanwar uwata ce ta warkar da ni. Ba wanda ya jefe ki, 'yar nan. Jini ne yake sauka ƙafa ya kasa komawa sama, ya kwanta a nan, fatar ta jiƙe ta ruɓe. Da tafin nan da sanyi na same shi, ko da ɗagawa ta ƙara miki zafi, da ban ce a ɗaure ba, wannan wata cuta ce daban, ɗauri ɓata ta yake yi. Amma naki ɗauri yake so, da ɗagawa."

Ta sa aka tafasa ruwa da 'ya'yan bagaruwa, aka bar shi ya huce. Ta wanke ciwon a hankali har duk garin maganin da ya daskare ya fita. Ta shafa zuma a tsumma mai tsabta ta rufe, ta shafe busasshiyar fatar kewaye da man shanu. Ta hana susa, ko da farce ɗaya. Sai ta leƙa rumfa ta kira Shitu, ta nuna masa faɗin yatsu huɗu. Ta ce ya saƙa mata fari mai wannan faɗin, mai tsawo, guda biyu, in ana wanke ɗaya ana ɗaure da ɗaya.

Kwana biyu ya gama. Adama ta dawo da sassafe ta nuna musu ɗaurin. Tun kafin ƙafa ta taɓa ƙasa ake yin sa, lokacin da kumburi ya sace. A fara daga gindin yatsu, a kewaye diddige, a tamke sosai a idon sawu, a riƙa sassautawa ana hawa har ƙasan gwiwa. In yatsu suka yi sanyi ko suka mutu, an matse da yawa, a kwance a sake. Da rana kuma ta kwanta sau uku ko huɗu, ƙafa a sama da ƙirjinta.

Hansai ta ce, "Ke nan ba ni ba tafiya?"

"Tafiya magani ce. Ni da nake kai nono Danja in dawo, kin ga na zauna? Tsayuwa wuri ɗaya ita ce dafin, da zama ƙafa na reto." Adama ta ɗauki ƙwaryarta, ta tsaya a bakin ƙofa. "Da tun ranar da fatar nan ta fara duhu tana ƙaiƙayi na gani, da ɗan ƙyalle kawai ya ishe ki."

Kwanciyar rana ta fi ciwon yi wa Hansai wuya. Mace mai lafiyar hannu, shimfiɗe a gindin bango rana tsaka, ƙafa a kan kifaffen turmi, maƙwabta na wucewa da itace a ka. In ta ji sallama sai ta yi wuf ta tashi zaune, Shitu ya leƙo daga rumfa ya ce, "Koma." Shi yake ɗaure mata kowace safiya, don hannun masaƙi ya san tamka. Shi yake bin masu ɗiban zuma har dajin da ke wajen Malumfashi. Safe da yamma takan taka zuwa rijiya ta dawo ba tare da tulu ba.

A wata na biyu ruwan ya ragu. A na uku jan nama mai kyau ya cika ramin, sabuwar fata ta fara tahowa daga baki-baki. Wata bakwai cif, ranar wata Alhamis, Shitu ya kwance ɗaurin ya tarar ba sauran wurin sa zuma. Hansai ta shafa tabon ta yi ta kuka. A shekarar aka aurar da Shafa'atu ga wani manomi, Ɗanasabe, a wani ƙauye kusa da Bakori, kuma da ƙafarta Hansai ta raka amarya har bakin rafi.

Shekara biyu suka samu na sauƙi. Ta koma kaɗin zare a zaune, ƙafa miƙe a kan buhun auduga. A ta ukun fara ta sauka lokacin da dawa ke fitar da kai, ta cinye gonakin yankin a yini biyu. Da bazara tari ya kama Shitu, bai ga saukar ruwa ba. Sada kuwa tun tafiyarsa ba labari. Wasu fatake sun ce sun gan shi, wasu sun ce ba shi ba ne. Zare ya daina fita, don mai yunwa ba ya ɗinka riga. Abin da fara ta bari shi ne ɗorawa, kuma ko miyar kuka zalla za a yi sai an nemi daddawa.

Hansai ta tayar da tukwanenta. Da yake ta san ba mai saye a hannunta, sai suka shirya da maƙwabciyarta Uwa: ita ta yi, Uwa ta kai kasuwa a matsayin tata, su raba abin da aka samu. Ranar farko Uwa ta dawo da faifai wayam tana dariya.

"Yaya Hansai, kin san me matar nan ta Danja ta ce? Wai tawa ta fi taki ƙamshi nesa ba kusa ba."

Suka yi dariya tare har da tafa hannu. Da Uwa ta fita, Hansai ta zauna a bakin murhu ta daɗe tana kallon toka.

Ba ta daina ɗauri ba, amma tukunyar kalwa ba ta jiran mai ita ta kwanta. Farin da Shitu ya saƙa ya tsufa, ya saki, ya yayyage, ta riƙa haɗa shi da tsummoki. Su Adama kuma sun tashi da shanunsu sun yi kudu neman ciyawa, ba su dawo ba. Cikin damina tabon ya tsage. Wannan karon ta san abin yi sarai, lokacin yi ne ba ta da shi, ba ta kuma da zuma. Kafin shekara ta kewayo gyambon ya zagaye ƙafar kamar munduwa, ta dama ma ta buɗe. Takan saki zane har ƙasa, ba wanda ya san girmansa sai Uwa.

Ana haka Shafa'atu ta zo ganin gida da cikinta na uku. Gidan mijinta babban gida ne, gandu guda, ita da matar wan mijinta suke dakan mutum ashirin da wani abu, safe da yamma. Da azahar ta tsuguna tana alwala, ta ɗage zane za ta wanke ƙafa. Hansai na daga bakin ɗaki ta hango.

"Zo nan. Miƙo ƙafar nan."

"Inna, salla zan yi."

"Sallar ba ta gudu. Miƙo."

Jijiyoyi sun fito a bayan ƙwauri. Sama da idon sawu fata ta fara duhu, da sawun farce, a tsakiya kuma ga ɗan ƙurji da ya fashe, bai fi ƙwayar dawa ba. Hansai ta danna da yatsa, wurin ya lotsa.

"Tun yaushe?"

"Ƙurjin? Kwana goma ne ko fi. Sauro ne na sosa. Kowace mai ciki ƙafarta na kumbura, Inna, kada ki ɗaga hankalinki."

Hansai ta ja zanenta sama, ta shiga warware tsummokin ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshen ya manne sai da ta jiƙa shi. Shafa'atu tana tsammanin uwarta ta warke tun kafin aurenta. Da ta gani sai ta toshe baki da hannu biyu, ta durƙushe a wurin.

Hansai ta ce, "Nawa bai kai naki ba ranar da ya fara. Share hawayenki ki tafasa ruwa."

Kwana shida ta riƙe ta, ƙafa a sama, tana wankewa tana ɗaurewa da zanenta na fita da ta tsaga gida huɗu. Ta sa ta ɗaura da kanta sau da yawa har hannunta ya gane. Amma ta san da zarar ta koma, turmi na jiranta. Don haka ranar komawa ta ari jakin mijin Uwa ta bi ta, abin da surukai ba sa yi.

Uwar Ɗanasabe, Hajo, ta karɓe ta da fura da tabarma. Bayan gaisuwa Hansai ta sunkuyar da kai ta faɗi abin da ya kawo ta: a ɗauke wa yarinyar daka da tsayuwar murhu har ciwon ya rufe, a ba ta aikin zaune da na aike, a bar ta ta riƙa kwanciya da rana, a kuma saƙa mata farin ɗaure ƙafa. Fuskar Hajo ta canja.

"Ni na haifi goma a gidan nan, ban taɓa kwanciya da rana ba. Don ɗan ƙurji? Ko cewa ta yi muna wahalar da ita?"

"Ba ta ce ba, wallahi. Ni na gani."

"To, mun ji. Mu dai a gidanmu ba a koya wa yara lalaci."

Hansai ta haɗiye maganar, ta yi godiya, ta tashi da kyar. A bayan gari Ɗanasabe ya cim mata da gudu. Ashe yana bayan zana ya ji komai, kuma ya ga yadda ta hau jakin. Ya tsuguna nesa kaɗan, kansa a ƙasa.

"Inna, faɗin nawa za a saƙa?"

Ta nuna masa yatsu huɗu.

Washegari ya tafi Maska ya sayo farin, ya ɗauko ƙanwarsa ta karɓi taɓaryar. Hajo ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwar Shafa'atu, ta kuma aika Tudun Kanya cewa kada a ƙara zuwa a raba mata gida. Amma cikin mako uku ƙurjin ya rufe. Shafa'atu ta ci gaba da ɗauri duk rayuwarta, ta tsufa da ƙafafunta lafiya.

Hansai ba ta ji wannan labarin duka ba. Tafiyar yini guda a kan jaki, zuwa da dawowa, ƙafa na reto cikin rana da ƙura, ta tayar da ciwon. Ta lallaɓa wata biyu tana aiki rabi-rabi. Sai wata safiya ƙafar hagu ta yi ja, ta yi zafi kamar garwashi, kumburi ya haura gwiwa ya kai cinya, zazzaɓi ya rufe ta. Uwa ce ta yi jinyarta. A kwana na biyar Hansai ta ɗan farfaɗo ta nemi kunu, ta sha rabin ludayi, ta hana a aika Bakori, ta ce yarinyar ta kusa sauka, kada a firgita ta. A kwana na tara, da hantsi, ta cika. Ba ta kai shekara hamsin ba.

Bayan kwana huɗu Shafa'atu ta haifi ɗa namiji. Aka ɓoye mata rasuwar har aka yi suna, tana ta tambaya me ya hana Inna aiko da ko ɗan yaji. Bayan suna aka faɗa mata, amma sai da ta gama wanka Ɗanasabe ya rako ta Tudun Kanya da jariri a baya. Ta tarar ƙanen mahaifinta ya riga ya zuba awakinsa a ɗakin, an toshe ƙofar da ƙaya. Ta tsaya a tsakar gidan ba ta san inda za ta zauna ba, har Uwa ta fito ta kama hannunta ta kai ta nata ɗakin. Suka zauna har la'asar, Uwa na ba ta labarin kwanakin nan tara, tana tambaya ana maimaita mata. Da hadari ya fara haɗuwa ta gabas, Ɗanasabe ya aiko daga zaure cewa su kama hanya kada rafi ya cika ya tare su. Ta gyara goyonta ta fita.